Gadon da Ɗan Talata Ya Gina

Asabar, 4 ga Sha'aban, da hantsi

Na ɗauko sauran takardun mahaifina, Goni Aisami, daga cikin gafaka. Shi ya koya mini rubutu ina ƙarama, mutane suna ta cewa me mace za ta yi da alƙalami. To, ga abin da za ta yi. Zan rubuta komai yadda ya faru, don ranar da na tsaya gaban alƙali kada wani ya juya mini magana.

Ni ce Kaltumi mai sayar da gishirin manda a kasuwar Gure. Gidan nan nawa ne tun rasuwar maigidana. A watan jiya na sa Ɗan Talata magini ya gina mini gadon ƙasa a ɗakin kudu, saboda Zainabu da ta zo gida haihuwar fari. Ɗiyata ta fari ce, ba na kiran sunanta da baki, amma takarda ba ta da kunne. Mijinta Mamadu ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma.

Gadon jego kowa ya san shi: rami a ƙasa, a zuba garwashi, maijego ta kwanta a sama ta gasu, a bar taga a buɗe. Shi Ɗan Talata sabon abu ya kawo. Ya ce a Damagaram ya yi aiki a gidan Nasara, can bututu ake yi wa wuta ta cikin bango, hayaƙi ya fice waje, ɗaki ya riƙe zafinsa har safe. Ya ce da irin wannan sai a toshe taga a ja ƙofa, ko tari ba za a yi ba. Na ba shi akuya da damin hatsi biyu.

Ran Laraba aka fito da Zainabu daga ɗakin a hannu. Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da Laraba.

Na san abin da nake yi. Zan sami Ɗan Talata.

Lahadi, da asuba

Yau da an yi taron suna. Na sa an mai da ragon garke.

Litinin, 6 ga wata, bayan azahar

Abatcha maɗinki ya yi sallama. Tsohon soja ne, muryarsa tana riga shi shiga gida, amma yau a zaure ya tsaya ya yi gaisuwa a hankali. Shi ma an gina masa irin gadon saboda tsohonsa mai ciwon gwiwa. Ya ce mako biyu ke nan tsohon yana tashi da ciwon kai da amai, suna ta jiƙa masa magani, sun ɗauka ciwon shawara ne. Da labarinmu ya isa, ya je ya kwashe wutar da hannunsa. Tun ranar tsoho garau.

Muka lissafa gidajen. Bakwai ne a Gure, har da nawa.

Ya ce, "Ya Kaltumi, raƙumin da ke jan dutsen niƙa ma ba a yi masa haka. Na ba shi riga sabuwa, wadda na ɗinka da hannuna."

Na ce riga za ta dawo, akuya ma za ta dawo, mu dai mu haɗa kai mu je tare.

Da zai fita ya faɗi wata magana a kan wadda ta fara yabon aikin a kasuwa. Ni yake nufi.

Talata, da la'asar

Mun je gidan Ɗan Talata, ni da Abatcha da mutum uku. Na yi zaton musu za mu tarar. Ba mu tarar da kowa ba sai tsohuwarsa zaune a rana tana ɓare gujiya a ƙoƙo.

Rumbu a buɗe, ko zangarniya babu. Turken jaki babu jaki. Matarsa ta kwashe ƙorenta ta koma gidansu tun kafin kaka. Tsohuwar ta ce tun shekarar da fara ta cinye gonaki ɗanta bai miƙe ba. Abin da ya samu wajenmu, masu binsa sun tare shi a ƙofa sun raba tun bai shiga da shi gida ba. Akuyata tana wajen wani mahauci, ko kuma ta riga ta shiga tukunya. Rigar Abatcha an gan ta jikin wani mai raƙuma.

Abatcha ya ɗaga murya. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, ga ɗakin nan, shiga ka ɗauki abin da ka gani." Ya leƙa, ya fito hannu wofi.

Na tambaye ta ina ɗanta ya nufa. Ta ce ba ta sani ba, amma idonta yamma ya duba. Yana da ƙanwa a Gidigir.

Ba a kan akuya nake ba. Sauran ba su gane wannan ba tukuna.

Alhamis, 9 ga wata, da walaha

Na kirawo Ibram Sarkin magina. Ya shekara arba'in yana gini a garin nan, kuma bai ji daɗi ba da mutane suka bar shi suka bi baƙon aiki, ya kuwa gaya mini haka tun daga zaure. Na ce na ji, ya zo ya duba.

Ni na buɗe masa ɗakin. Tun Laraba ba a shiga ba. Na tsaya a bakin ƙofa.

Ya durƙusa ya zura kara cikin bututun daga wajen ramin wuta. Karan ya shiga kamu ɗaya ya tsaya. Ya zagaya bayan ɗaki ya zura daga waje, nan ma kamu ɗaya. Ya sa dagi ya fasa tsakiya. Ƙasa ce cunkushe. Ɗanyen gini ya zauna a kan kansa tun ran farko, ya rufe hanyar ruf. Daga ciki rami, daga waje rami, ba su taɓa haɗuwa ba.

Ya ce, "Ko sauro ba ya wucewa ta nan, balle hayaƙi. Kuma na gawayi ba a ganinsa, ba ya sa hawaye. Barci yake sawa."

Ya ɗaga kai ya ga tagar, ya ga tsumman da ke ciki. Ya dube ni. Sai ya ce zai faɗi abin da ya gani gaban alƙali, duk ranar da na kira shi.

Yanzu ina da shaida. Na san abin da nake yi.

Juma'a, da hantsi

Zainabu ta sha kunu, ludayi huɗu. Ba ta magana. Mahaifiyata Ya Kaka ta ɗaure mata ƙirji da zane saboda nonon yana zuba. Suna kwana tare a ɗakin Ya Kaka, wuta a tsakar ɗaki irin ta da, ƙofa a buɗe.

Ya Kaka ba ta ce mini komai ba. Da ta faɗa da ya fi mini.

Lahadi, da asuba

Sanyi. Ruwan alwala kamar wuƙa.

Litinin, 13 ga wata, bayan la'asar

Na koma kasuwa. Manda ba ta sayar da kanta. Mata suna zuwa su yi mini gaisuwa da Barbarci, su juya su yi ƙus-ƙus da Hausa, kamar ɗaya daga ciki ce ba na ji.

Wata ta ce in bar wa Allah, ƙaddara ce, shari'a ba za ta dawo da komai ba. Na ce na karɓi ƙaddara hannu biyu, kowa da ranarsa. Amma bututun nan mutum ne ya gina shi, kuma akwai irinsa shida a garin nan. Biyu daga cikin masu gidajen har yanzu suna hura wuta a ciki, wai nasu lafiya lau yake. Na bi su gida-gida bayan kasuwa ta tashi. Ɗaya ya kashe. Ɗaya ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai.

Na kai ƙara. Alƙali ya ce ba a shari'a da mutum ɗaya, a kawo wanda ake ƙara. Abatcha ya ari doki, gobe zai kama hanyar Gidigir.

Laraba, da azahar

Babu labari.

Alhamis, da azahar

Babu labari. Na share tsakar gida sau uku. Na wanke ƙananan zannuwan da na ɗinka tun damina, na naɗe, na sa a ƙasan adudu. Ba don komai ba, asu nake gudu.

Asabar, 18 ga wata, da yamma

Sun iso. Abatcha a ƙasa yana jan linzami, Ɗan Talata a kan dokin. Na yi mamaki. Abatcha ya ce a rijiyar garin ya same shi yana ja wa makiyaya ruwa don a ba shi fura, ƙafafunsa duk sun tsage. Bai gudu ba, bai yi gardama ba. "Na tafi da niyyar in ɗaure shi, Ya Kaltumi. Ban ga wurin da zan ɗaura igiyar ba."

Na gan shi daga nesa. Ya rame, wuyansa kamar na zabo. Na daɗe ina shirya abin da zan gaya masa, kalma bayan kalma. Ya durƙusa a ƙofar gidana ya ce, "Inna." Na shige ciki na rufe.

Jibi shari'a. Na shirya.

Litinin, 20 ga wata, bayan la'asar

Zan rubuta wannan duka, ko da tawada za ta ƙare.

Zauren alƙali ya cika. Masu gida bakwai, Sarkin magina, da 'yan kallo har waje. Na yi bayanina a tsaye a bayan ginshiƙi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ibram ya kawo guntun bututun a cikin kwando ya ajiye gaban alƙali. Aka miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa ya leƙa bai ga haske ba.

Alƙali ya tambayi Ɗan Talata ko shi ya gina na gidan Nasara a Damagaram.

Ya ce, "Allah gafarta malam, ƙasa nake kwaɓawa ina miƙa wa masu ginin. Na dai gani ana yi. Nasu da jan bulo ne gasasshe. Na ɗauka da tubali ma zai yi."

"Ka gwada shi kafin ka ce a kwanta?"

"Na hura kara, na ga hayaƙi kaɗan ya fita. A ranar ne. Ban koma ba."

Abatcha da sauran suka ce a biya su. Alƙali ya tura muhuti, mataimakinsa, ya dubo abin da mutumin ya mallaka. Ya dawo ya ce tabarma, tulu, da dagi ɗaya. Wani ya yi dariya, wani ya ce a kai shi bariki a kulle. Alƙali ya ce ba a ɗaure mutum don ba shi da shi.

Sai ya juyo wajena. Na ɗauka ya gama da ni.

Ya ce, "Baiwar Allah, wa ya toshe tagar?"

Na ce, "Ni."

"Wa ya zuba gawayin ya ja ƙofa?"

"Ni."

"Akwai wanda ya hana ki?"

Ya Kaka ba ta wurin. Ba wanda ya ji lokacin da ta faɗa mini, daga ni sai ita. Na ce, "Mahaifiyata ta ce in bar tagar. Na ce mata wannan aikin zamani ne, ba ta san shi ba."

Ban taɓa jin muryata ƙarama haka ba. Ɗan Talata ne ya ɗago ya ce, "Ni na ce ta toshe. Har tsumman ni na nuna mata inda za ta cusa. Kada a ɗora mata." Ban so taimakonsa ba, amma gaskiya ya faɗa.

Alƙali ya ce ba ganganci a ciki, amma akwai yaudara, don ya sayar da abin da bai iya ba. Maganar jini ta uban yaro ce, sai ya dawo daga Bilma, ya nema ko ya yafe. Kayan da aka ba maginin kuwa suna wuyansa har ranar da ya samu.

Na ce, "Allah gafarta malam, ni na bar masa akuyata. Hannunsa nake so. Ya bi gadajen nan ɗaya bayan ɗaya ya rushe, ya mai da su irin na da, Sarkin magina yana tsaye a kansa."

Alƙali ya dubi sauran. Abatcha ya yi gunaguni a kan rigarsa, daga baya ya ce ya yarda. Aka yanke haka, aka kuma hana shi ɗaukar aikin gini shi kaɗai.

Har an fara tashi, na tambayi Ɗan Talata, "Bakwai ne duka?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce akwai na takwas, a Kelle. Gidan wani manomi, Alhasan. Matarsa Habsu tana da tsohon ciki lokacin da ya yi aikin.

Na ce, "Kwana nawa yanzu?"

Ya ce ya fi ashirin da biyar.

Na ari jakuna biyu. Da asuba za mu tashi.

Laraba, 22 ga wata, da hantsi, a Kelle

Jiya tun ana kiran assalatu muka fita, ni da Abatcha da Ɗan Talata. Rairayi da duwatsu, iska tana yanka kunne. Ba mu tsaya ba sai don salla. Ban hau jaki mai nisa haka ba tun ina amarya, yau ƙuguna ba nawa ba ne.

Da la'asar sakaliya muka shiga garin. Habsu ta haihu kwana huɗu ke nan, namiji. Uwar mijinta ta tare mu a tsakar gida da kaskon garwashi a hannu, za ta kai ɗakin. Na ce ta ajiye. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke wace ce? Daga ina? Gadon da muka ba da tunkiya aka yi mana, ki zo da rana tsaka ki ce a rushe?"

Na tambaye ta ko maijegon tana ciwon kai. Ta ce kowace maijego tana yi. Na ce yaron fa, yana yawan barci? Ta ce yaro ne mai haƙuri, ko kuka ba ya yi, sai an tashe shi yake shan nono. Tana faɗa tana murmushi.

Abatcha ya fara bayanin bututu, ba ta saurare shi ba. Ɗan Talata ya durƙusa ya ce aikinsa ne ba shi da kyau, ta ce ai sun gwada sun ga kyansa. Ta ɗaga kaskon za ta wuce.

Na riƙe mata hannu. Na ce, "Yaya, jikana kwana uku ya yi a duniya. A kan irin gadon nan ya yi barci bai tashi ba. Ni na rufe musu ƙofa."

Ban taɓa faɗa ba sai jiya. Yanzu ga shi na rubuta.

Ta ajiye kaskon a ƙasa. Ita da kanta ta shiga ta fito da Habsu tana dafa bango, ta dawo ta ɗauko yaron, ta rasa inda za ta sa shi, sai ta miƙo mini. Abin da ya cece su, ƙofar ɗakin asabari ce, iska tana ratsawa. Alhasan ya ce ya riga ya yi magana da masassaƙi a yi musu ƙyaure kafin suna.

Ɗan Talata ya sa dagi. Bututun a cushe, kamar nawa.

Yaron ya daɗe a hannuna lakwas, ina hura masa fuska, ina murza tafin ƙafarsa. Da iskar yamma ta buge shi ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, ya tsala kuka har kaji suka watse. Na riƙe shi yana ta yi. Ban miƙa shi da wuri ba, su ma ba su karɓa ba.

Asabar, 25 ga wata, da azahar

Mun dawo shekaranjiya. An rushe huɗu. Mai cewa kaina ya taɓu ya leƙa nasa bututun, ya aiko mini da goro. Ibram yana zagin Ɗan Talata daga safe har yamma, amma na ga yana nuna masa yadda ake barin ƙasa ta sha iska kafin a ɗora wata. Abatcha ne ke kai musu fura.

Litinin, da la'asar

Yau aka yi nawa. Na cire tsumman da hannuna.

Zainabu ta fito ta zauna a rana tana kallon ana fid da ƙasar a kwando. Can ta ce, "Inna, na Kelle ɗin, ya yi kuka?"

Maganarta ta farko ke nan tun ranar.

Na ce ya yi, har ya ishe ni.

Ta gyaɗa kai. Ta yi nata kukan, mai sauti, irin wanda ba ta yi ba duk kwanakin nan. Ya Kaka ta zo ta zauna gefenta, ta kama zanena ta jawo ni na zauna ni ma. Muka daɗe a haka. Da ta gama ta ce tana jin yunwa.

Laraba, 29 ga Sha'aban, da hantsi

Yau ake duban wata. Wani mai raƙumi ya shigo kasuwa ya ce ayarin Bilma ya kwana a rijiyar arewa, kafin azahar za su sauka bakin gari. Mamadu yana ciki, lafiya lau. An ce ya sayo dabino buhu guda na suna.

Ba zan bari ya ji a bakin 'yan kasuwa ba. Ni zan tare shi, in gaya masa duka, da na Ɗan Talata da nawa. Abin da ya yanke bayan nan hakkinsa ne.

Na yafa mayafi na sa takalmi, sai na tarar da Zainabu a zaure ta riga ni shiri. Na ce ba ta yi arba'in ba, kuma da sanyi. Ta ce, "Mijina ne, Inna. Ke ki fara, ni in ƙarasa."

Tana jirana. Na rufe tawada.